Kalmar "Stellate": Ma'anarta, Asalinta da Amfaninta a Ilmin Likitanci

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ɗaukar littafin likitanci da niyyar mayar da wani sashe nasa cikin Hausa ya san cewa wahalar aikin ba ta tsaya ga dogayen kalmomi kaɗai ba. Sau da yawa ƙaramar kalma, wadda a ke ganin ma'anarta a fili ta ke, ita ce ke kayar da mai fassara. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ita ce kalmar Ingilishi stellate, wadda ƙamus ke bayyanawa da cewa "mai siffar tauraro". Likitoci suna kiran wani ƙullin jijiyoyi na wuya da ita, da wasu ƙwayoyin halitta na hanta, da wani irin raunin harsashi, da wata irin karayar ƙashi, har da wata inuwa da ke fitowa a hoton nono. Waɗannan abubuwa ba su haɗa komai ba ta wajen aiki. Wasunsu lafiyayyar halitta ce da kowa ke ɗauke da ita, wasu kuwa alama ce ta cuta mai kisa.

Wannan maƙala za ta bi diddigin kalmar, ta nuna wuraren da ta ke fitowa a likitanci, sa'an nan ta duba yadda ya kamata a Hausantar da ita. Abin da za a tabbatar shi ne, kalmar kama kawai ta ke nunawa, kuma mai fassarar da ya ɗora mata abin da ya wuce kama ya ɓatar da mai karatu.

Ma'anar kalmar

A nahawun Ingilishi stellate sifa ce. Ana siffanta abu da ita idan yana da cibiya ɗaya wadda rassa ko tsinaye su ka fito daga gare ta, su ka nufi kowane gefe. Ba a ƙayyade yawan rassan ba, ba kuma lalle ne tsawonsu ya zo daidai ba. Wannan ya bambanta da tauraron da a ke zanawa a tuta, kamar baƙin tauraron tutar Gana mai tsini biyar daidai wa daida, ko mai tsini shida da ke jikin tsohon kwabo mai huji. Tauraron likita ya fi kama da tsagar da ke fita a gilashin mota idan dutse ya buge shi: wuri ɗaya ya sha bugu, tsaga kuma ta watsu daga nan, wata doguwa, wata gajeruwa.

Asalin kalmar

Tushen kalmar shi ne stella, watau tauraro a harshen Latin. Rumawa suna da ɗafa-ƙeya -atus wanda su ke liƙa wa suna don a sami ma'anar "mai abu kaza". Alal misali, daga barba, gemu, sun sami barbatus, mai gemu. Daga dens, haƙori, sun sami dentatus, mai haƙora. Ta wannan hanya ce stella ta haifi stellatus, wadda ma'anarta ta farko ita ce "mai taurari", kamar sararin sama da dare. Da wannan ma'ana kalmar ta shiga Ingilishi wajen shekarar 1500. Sai a cikin shekarun 1660, zamanin da masana a Turai su ka dukufa wajen siffanta tsirrai da sassan jiki dalla-dalla, ta sami ma'ana ta biyu, watau "mai siffar tauraro". Wannan ma'ana ta biyu ce ta zauna a littattafan likitanci har yau.

Ita kanta stella tana da 'yan'uwa da yawa, gama Latin yana cikin babban gidan harsunan Indo-Turai. Girkanci yana da aster da astron, Ingilishi yana da star, Jamusanci yana da Stern, Farisanci yana da setare, Sanskirit na Indiya kuma yana da tara. Masana sun nuna cewa duk daga tsohuwar saiwa ɗaya su ka fito, wadda a ke rubutawa *ster-. Daga stella kuma Faransanci ya sami étoile. Ɗalibin ilmin harshe zai lura da ɗan tauraron da a ka sa a gaban saiwar nan, alamar da ke nuna kalmar da a ka ƙiyasta ko jimlar da nahawu bai yarda da ita ba. Sunan alamar, asterisk, daga Girkanci ya ke, ma'anarsa kuwa "ɗan ƙaramin tauraro".

Akwai tarko a nan wanda ya kamata a kauce masa. Kunne zai iya jin kama tsakanin tara ta Sanskirit da tauraro ta Hausa, har mutum ya yi zaton dangantaka. Babu ita. Hausa tana cikin harsunan Cadi na gidan Afro-Asiya, kuma tsohuwar siffar kalmar ita ce tamraro, kamar yadda a ke ji a karin harshen yamma. Sauyin nan na m zuwa u a ƙarshen gaɓa shi ne ya ba da aure daga amre, da zauna daga zamna, ƙa'idar da masanin nan na Jamus, August Klingenheben, ya bayyana a ƙarshen shekarun 1920. Kamar da ke tsakanin kalmomin biyu dacewa ce kawai.

Daga ina tsinin tauraro ya fito?

Tauraro na haƙiƙa ba shi da tsini. Dunƙule ne na iska mai tsananin zafi kamar rana, sai dai nisansa ya sa ba a ganin komai nasa sai ɗigon haske. Tsinayen da a ke gani idan an ɗaga kai da dare, a cikin ido a ke ƙera su. A bayan baƙin ido akwai wani garai-garan abu mai aikin gilashi, wanda ke tattara haske. Shi ne ke yin fari idan yanar ido ta kama mutum. Da siraran zaruruwa a ka gina shi, kuma inda bakunan zaruruwan su ka haɗu akwai layuka kamar ɗinki, masu rassa. Idan ɗigon haske ya ratsa ta waɗannan layuka sai ya ɗan watse, ya yi tsini-tsini. Ke nan siffar da ɗan Adam ya ba tauraro daga jikinsa ta fito tun farko, daga baya likitoci su ka aro ta su ka mayar wa jikin.

Tauraron da ke cikin wuya

Wurin da kalmar ta fi shahara a asibiti shi ne sunan wani ƙullin jijiyoyi da ke gindin wuya. Jijiyoyin da a ke nufi a nan ba na jini ba ne, masu kai saƙo ne, kuma suna cikin rukunin da ke aiki ba da umurnin mutum ba, kamar ƙara bugun zuciya, da fitar da gumi, da tsuke hanyoyin jini. Jijiyoyin wannan rukuni sun yi sarƙa biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagun ƙashin baya, kowace da ƙulle-ƙulle kamar carbi. A jikin kimanin mutum 80 cikin 100, ƙulli na ƙarshe na wuya yakan haɗe da na farko na ƙirji su zama ɗaya. Wannan haɗaɗɗen ƙulli, mai tsawon kimanin santimita 2.5, yana kwance daidai gaɓa ta bakwai ta ƙashin wuya, a gaban haƙarƙari na farko. Rassa suna fita daga gare shi zuwa kai, da wuya, da hannu, da zuciya, su ne kuma su ka jawo masa sunan tauraro. Sau da yawa shi kansa ƙullin dogo ne ko mai kan kulki, ba ya kama da tauraro sosai.

Likitoci sukan yi wa wannan ƙulli allurar kashe zafi don su dakatar da aikinsa na ɗan lokaci. Likitan fiɗa na Faransa, René Leriche, yana cikin waɗanda su ka yaɗa wannan dabara a cikin shekarun 1930. Ana yin ta ga mai fama da wani irin raɗaɗi mai ƙuna da ke daɗewa a hannu bayan rauni, da kuma wasu masu rikicewar bugun zuciya da ta gagari magani. Akan soka allurar a gaban wuya, daidai gaɓa ta shida, watau sama da ƙullin kaɗan, domin kauce wa kan huhu da wata hanyar jini mai zuwa ƙwaƙwalwa; a yau kuma na'urar hoto mai aiki da sauti ke yi wa likita jagora. Idan maganin ya isa wurin, sai fatar idon wannan gefe ta ɗan sauka, ramin tsakiyar baƙin ido ya ƙanƙance, gumi ya ɗauke a rabin fuska, hannu kuma ya yi ɗumi. Alamomin nan na ido suna ɗauke da sunan Johann Friedrich Horner, likitan ido na ƙasar Suwizalan wanda ya bayyana su a 1869. Sukan gushe idan maganin ya sake, amma majinyacin da ba a yi wa bayani da harshensa ba zai iya ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi.

Taurarin hanta da ruɗanin da suna ya haifar

A shekarar 1876 wani masanin sassan jiki Bajamushe, Karl Wilhelm von Kupffer, ya rina yankan hanta da wani sinadari na zinariya, ya duba a madubin ƙara girma, ya ga waɗansu ƙwayoyin halitta masu rassa a gefen ƙananan hanyoyin jini. Ya sa musu suna Sternzellen, watau ƙwayoyi taurari. A 1898 ya sake gwaji ta wata hanya, ya ga ƙwayoyi masu haɗiye ɓarɓashin tawadar da a ka zuba a jini, ya ɗauka su ne waɗancan na farko, domin su ma suna da rassa. Alhali kuwa iri biyu ne dabam. Na biyun masu share datti ne daga jini, su ne a ke kira da sunan Kupffer a yau. Na farkon kuwa sai su ka ɓace a ƙarƙashin sunan da a ka haɗa su da waɗansu.

A 1951 wani masani ɗan Japan, Toshio Ito, ya ba da bayanin wasu ƙwayoyin hanta masu ajiye ɗigon kitse, a ka riƙa kiransu da sunansa. Sai a 1971 wani ɗan Japan ɗin, Kenjiro Wake, ya tabbatar da cewa ƙwayoyin Ito su ne taurarin da Kupffer ya gani a 1876, kuma abin da su ke ajiyewa cikin kitsen bitamin A ne. A 1996 masana hanta su ka amince da suna ɗaya, a ka koma ga stellate. Ruɗanin ya ɗauki fiye da shekara 70, dalilinsa kuwa shi ne dogara ga kama. Hausawa sun riga sun faɗa, kama da wane ba ta wane.

Muhimmancin waɗannan ƙwayoyi babba ne. Ko da ya ke ba su kai kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyin hanta ba, su ne rumbun mafi yawan bitamin A na jiki, sinadarin da rashinsa ke kawo dundumi. Idan kuma hanta ta daɗe tana shan wahala, ko daga ƙwayar cutar hanta nau'in B wadda ta yawaita a Afirka ta Yamma, ko daga yawan shan giya, sai ƙwayoyin nan su zubar da ajiyarsu, su shiga saƙa zaren tabo. Tabo ya yi ta taruwa har hanta ta taurare, ta kasa aiki.

Sauran taurarin jiki

A ƙwaƙwalwa da laka akwai ƙwayoyi masu rassa da yawa waɗanda ke ciyar da ƙwayoyin jijiya, su kuma tallafe su. Sunansu, astrocyte, ta hanyar Girkanci ya biyo, kuma wani masani ɗan ƙasar Hangare, Mihály Lenhossék, ne ya ƙirƙiro shi a cikin shekarun 1890. Wannan ya nuna wata al'ada ta harshen likitanci, watau ajiye kalmar Latin da ta Girkanci kafaɗa da kafaɗa don ma'ana ɗaya. Har ila yau, a bisa fatar ƙoda akwai ƙananan jijiyoyin jini da su ka taru kamar taurari, a cikin dasashin jariri kuma akwai wata raga ta ƙwayoyi masu rassa da ke kāre haƙori sa'ad da a ke gina farin ɓawonsa. Duka biyu da stellate a ke siffanta su.

Rauni, karaya da hoto

Idan an zo ga cuta da rauni, kalmar takan ɗauki nauyin hujja. Sa'ad da a ka ɗora bakin bindiga a kan fatar kai a ka harba, iskar albarushi takan shiga tsakanin fata da ƙoƙon kai, ta rasa hanyar wucewa, ta kumbura fatar har ta yage ta ko'ina. Raunin da ke fita mai siffar tauraro ne, kuma likitan da ke binciken gawa yakan kafa hujja da shi cewa a manne a ka yi harbin. Amma siffar kaɗai ba ta isa ba, domin inda harsashi ya fita ma yakan yage haka, kuma bugun kulki ko dutse a kai yakan fasa fata ta wannan hanya. Sai an haɗa da baƙin hayaƙi a cikin raunin da yanayin ramin da ke jikin ƙashi. A nan ne kalma ɗaya ta tafinta a gaban alƙali za ta iya karkatar da shari'a.

Ƙashi ma yakan yi irin wannan karaya, musamman ƙoƙon gwiwa da ƙoƙon kai, idan bugu ya sauka a wuri ɗaya tsaga ta watsu. A hoton nono kuwa, ƙullutu mai tsinaye yana cikin alamomin da su ka fi sa likita zargin sankara, domin sankara takan kutsa cikin naman da ke kewaye da ita ta janyo shi. Duk da haka akwai wani tabo marar lahani da ke ba da irin wannan hoto, shi ya sa ba a yanke hukunci sai an ɗebi ɗan nama an duba. Haka nan a hanta akwai wani ƙari marar lahani wanda alamarsa ita ce tabo mai siffar tauraro a tsakiyarsa. Siffa ɗaya ke nan, a wani wuri tana tayar da hankali, a wani kuma tana kwantar da shi.

Matsalar fassara

Harsunan da su ka riga Hausa shiga wannan fage sun bi hanya mai sauƙi. Larabci ya ɗauki najm, tauraro, ya yi masa ɗafin dangantaka ya sami najmi. Faransanci yana da stellaire. Ga Hausa akwai hanyoyi huɗu da za a iya dubawa.

Ta farko ita ce aro kai tsaye, a ce sitelet. Wannan ba ya gaya wa mai sauraro komai, alhali amfanin kalmar duka shi ne ta zana hoto a zuciya.

Ta biyu ita ce a bi sawun Latin a ƙirƙiri sifa daga suna, bisa tsarin dafaffe da gyararre. Amma wanda ya gwada haka da tauraro zai faɗa kan taurararre, kalmar da ta riga ta zauna da ma'anarta, watau abin da ya yi tauri. Haɗarin ya fi yawa a sha'anin hanta, inda taurarewa cuta ce mai kisa. Majinyacin da a ka gaya wa yana da taurararrun ƙwayoyi a hanta zai tafi gida da labarin mutuwa, ko da lafiyarsa ƙalau.

Ta uku ita ce a ce "na tauraro" ko "na taurari". Wannan kuma yana karkata zuwa ga duba da bugun ƙasa, gama a Hausa tauraron mutum sa'arsa ce, shi ya sa a ke cewa tauraron wane yana haskawa. Turawa ma sun taɓa zama a wannan matsayi: sunan mura mai tsanani, influenza, daga Italiyanci ya ke, kuma asalinsa imani ne cewa tasirin taurari ke saukar da annoba. Kalmar stellate ba ta da alaƙa da wannan imani, bai kuwa kamata fassara ta shigo da shi ba.

Ta huɗu ita ce a koma ga yadda Hausa da kanta ta ke sa wa sassan jiki suna. Bahaushe ya daɗe yana amfani da kama: ƙoƙon kai, allon kafaɗa, karan hanci, hakin wuya. Tsarin a fili ya ke, abin da a ka kamanta da shi ya zo farko, sa'an nan wurin da ya ke a jiki. Ba wanda ke jin "allon kafaɗa" ya yi zaton katako. Rumawa ma haka su ka yi, domin sunan ƙoƙon gwiwa a Latin, patella, ma'anarsa ƙaramin kwano. Bisa wannan tsari, za a iya kiran ƙullin jijiyoyin nan tauraron wuya, ƙwayoyin da Kupffer ya gani taurarin hanta, na Lenhossék kuma taurarin ƙwaƙwalwa. Sunayen gajeru ne, sun dace da kunnen Bahaushe, sun kuma nuna cewa halitta ce zaunanniya da kowa ke da ita.

Ga rauni da karaya da hoto kuwa, inda kalmar ke siffanta abin da ya auku ga mutum ɗaya, ya fi dacewa a bar ta a matsayin sifa: rauni mai siffar tauraro, karaya mai siffar tauraro. A gaban kotu ko a gaban majinyaci sai a ƙara bayani, a ce tsaga ce da ta watsu daga wuri ɗaya, don kada a ɗauka tauraron tuta a ke nufi.

Kammalawa

An ga cewa stellate ta fito daga stella ta Latin, ta fara da ma'anar "mai taurari", ta koma "mai siffar tauraro", ta kuma bazu a likitanci daga wuya zuwa hanta, daga ƙoda zuwa ɗakin binciken gawa. A duk waɗannan wurare aikinta ɗaya ne, ta faɗi abin da ido ya gani. Ba ta faɗin aikin abu, ko dalilinsa, ko haɗarinsa. Shawarar da a ka kawo ta raba fassarar gida biyu, harɗaɗɗen suna ga halittar jiki, sifa ga rauni da cuta. Ba za ta tabbata ba sai an gwada ta a bakin masu jinya da tafintocin kotu da malaman makarantun koyon aikin lafiya, domin su ne za su faɗa wa mutane ita. Akwai kuma sauran kalmomin siffa da ke jiran irin wannan nazari, kamar masu nufin siffar wake, da ta zobe, da ta lauje, wadda ta ba cutar sikila sunanta.